Saƙon "Ƙasa Za Ta Tsage" da Amsar "Mu Ba Ruwanmu": Duka Biyun Akwai Gyara

Cikin watan Satumban 2024, kwanakin da labari ya bazu cewa mazauna Mpape a Abuja sun sake jin ƙasa tana motsi, ina zaune a benci a wani shagon gyaran waya a Sabon Gari, nan cikin Sakkwato, ina jiran a canza mini gilashi. Sai wani yaro ya kunna saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp, ya ƙure sauti. Mai maganar ya yi minti huɗu da 'yan kai, muryarsa na rawa, yana ta rantsuwa. Kafin ya gama mutum bakwai ko takwas sun taru.

Wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya san ina jami'a, ya juyo ya ce, "Ɗana, kai da kay yi boko, wagga magana gaskiya ta?" Ban buɗe baki ba wani mai shago a gefe ya riga ni: "Baba, ƙarya ta. Najeriya ba a girgizar ƙasa. Wanga abin Turkiyya da Japan na." Aka yi dariya, kowa ya kama gabansa.

Na koma gida abin yana cina. Mai shagon ya yi daidai da ya ƙaryata saƙon, amma hujjarsa ita ma gurguwa ce. Kuma a daidai lokacin yana cikin ɗora bene a kan wasu tsofaffin shaguna da tun farko ba a gina su don su ɗauki bene ba. Wannan rubutu sharhi ne a kan maganganun nan biyu. Ina so, mai karatu, mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya mu auna, don na tabbata ka taɓa jin duka biyun, wataƙila ma ka taɓa faɗin ɗaya.

Abin da saƙon ya ce

Idan aka cire rantsuwa da "don Allah ka tura wa mutum goma", saƙon abu uku ya ƙunsa. Na farko, wai Baturen nan da ya hango girgizar Turkiyya ya ce Najeriya ce ta gaba, cikin kwana bakwai. Na biyu, wai alamomi sun riga sun bayyana: tsananin zafi, ƙafewar rijiyoyi, da tsagewar bangon gidaje. Na uku, wai kowa ya riƙa kwana a waje. Babu sunan mai magana, babu kwanan wata, babu sunan gari.

Rashin kwanan watan nan kada ka raina shi. Saƙon da ya ce "cikin kwana bakwai" bai faɗi ranar da aka fara ƙirga ba, saƙo ne da ba ya tsufa. Ana iya turo maka shi yau, a sake turo shi baɗi, kuma kullum sabo ne.

Me ke girgiza ƙasa tun asali?

Ɗauki dafaffen ƙwai ka ɗan buga shi a ƙasa. Ɓawon zai tsattsage gida-gida amma yana nan manne. Haka saman duniyarmu yake: manyan farantai ne na dutse, suna zaune a kan wani sashe mai tsananin zafi da ke motsi a hankali. Farantan suna tafiya santimita kaɗan a shekara, kusan yadda farcenka ke tsiro. Inda biyu suka haɗu, gefensu yakan cije, ƙarfi ya yi ta taruwa shekaru ɗaruruwa. Kamar ka riƙe karan dawa kana lanƙwasawa: zai jure, ya jure, sai ka ji ƙas! Wannan ɓallewar ita ce girgizar ƙasa, layin da dutsen ya zame a kansa kuma shi muke kira tsaga.

Turkiyya tana inda farantin Larabawa ke turowa arewa yana matse ƙasar. Shi ya sa ranar 6 ga Fabrairun 2023 aka yi girgiza mai maki 7.8, bayan kamar awa tara aka sake wata mai 7.5, mutum sama da 50,000 suka rasu a Turkiyya da Siriya, cikinsu har da ɗan ƙwallon Ghana Christian Atsu. Maroko kuma tana kusa da inda Afirka ke matsar Turai, kuma ranar 8 ga Satumban 2023 girgiza mai maki 6.8 ta kashe kusan mutum 3,000 a ƙauyukan tsaunukan Atlas, kudu da Marrakesh.

Akwai abu guda game da makin nan da 'yan jarida ba su cika bayyanawa ba. Ba kamar makin jarrabawa ba ne. Duk ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Ƙarin maki biyu, sau 1,000. Don haka girgiza mai maki 3, irin ƙananan da ake ji a Najeriya, idan ka gwada ta da ta Turkiyya, ta Turkiyyar ta fi ta ƙarfi sama da sau miliyan goma. Sunansu ɗaya, amma ba sa'o'in juna ba ne.

"Baturen da ya hango ta Turkiyya"

Mutumin da ake nufi a irin waɗannan saƙonni shi ne Frank Hoogerbeets, ɗan ƙasar Holan. Gaskiya ne, kwana uku kafin girgizar ya rubuta a Twitter cewa ko ba jima ko ba daɗe za a yi babbar girgiza a yankin kudancin Turkiyya, Siriya, Jodan da Labanan. Da abin ya faru sai sunansa ya cika duniya.

To amma duba da kyau. Kafin a ce mutum ya yi hasashen girgizar ƙasa, sai ya faɗi abu uku: yaushe, a ina, da wane ƙarfi. "Ko ba jima ko ba daɗe" ba lokaci ba ne. Ƙasa huɗu ba wuri ba ne. Kuma masana sun yi shekaru suna gargaɗi a kan wannan tsagar ta gabashin Turkiyya, taswirar haɗarin tana nan a buge. Wanda ya ce maka za a yi zafi a Sakkwato ko ba jima ko ba daɗe bai zama mai duba ba.

Ga kuma lissafi. A matsakaici, duk shekara duniya tana ganin girgiza kimanin 15 masu maki 7 ko fiye, sama da 100 masu maki 6, sama da 1,000 masu maki 5. Mai yawan fitar da hasashe, dole wata rana ya dace. Ana tuna dacen, a manta da kuskuren. Hanyar da yake bi, wato duba jeruwar duniyoyi a sama, ba ta ci jarrabawar kimiyya ba. Jan da Wata ke yi wa duniyarmu ya fi na sauran duniyoyin nesa ba kusa ba, kuma ko da Watan ba a iya faɗin ranar girgiza.

Kada ka ɗauka masana ba su gwada ba. A 1975 hukumomin Sin sun kwashe mutane daga birnin Haicheng kafin wata babbar girgiza, saboda ƙananan girgizar da suka riga ta, aka yi murna an gano bakin zaren. Shekara guda bayan haka, a 1976, ta Tangshan ta zo ba sallama, ta kashe mutum sama da 240,000. A Amurka masana sun ce za a yi girgiza a Parkfield ta jihar Kalifoniya kafin 1993, suka cika wurin da na'urori. Sai 2004 ta zo. Abin da ake iya yi a yau shi ne faɗin yiwuwar girgiza a wani yanki cikin shekaru masu yawa, da kuma gargaɗin daƙiƙoƙi bayan ta riga ta fara. Igiyar farko tana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, mai ɓarnar tana biye a hankali, saƙon waya kuma ya fi su duka gudu. Da wannan tazarar Japan da Meziko ke tsayar da jiragen ƙasa su buga ƙararrawa. Daƙiƙoƙi ne, ba kwana bakwai ba.

Irin wannan jita-jitar ta taɓa kwantar da ƙasa guda a titi. A watan Janairun 2010, 'yan kwanaki bayan girgizar Haiti, saƙon tes ya zagaya Ghana cikin dare cewa girgiza na tafe. Dubban mutane suka fito da yara da tsofaffi suka kwana a fili. Gari ya waye ba abin da ya faru.

Zafi, rijiya da tsagewar bango

Nan ne saƙon ya fi wayo, don ya ɗauko abubuwan da kowane Basakkwace ke gani ya maƙala musu tsoro. Zafin Afrilu da ya haura digiri 40 ba baƙo ba ne a garin nan. Zafin rana mita kaɗan yake shiga cikin ƙasa, shi ya sa ruwan rijiya mai zurfi ba ya damuwa da rani ko hunturu. Manyan girgiza kuwa daga zurfin kilomita goma ko fiye suke tasowa. Ta Turkiyya ma cikin tsananin sanyi da dusar ƙanƙara ta zo.

Rijiya takan ƙafe idan ana jan ruwa fiye da yadda damina ke mayarwa, ko maƙwabci ya haƙa burtsatse da ta fi ta zurfi. Bango kuma yakan tsage saboda laka da ke kumbura da damina ta tsuke da rani, ko harsashi marar zurfi, ko ruwan kwata da ke jiƙa gindin gini, ko nauyin da aka ɗora ya wuce ƙima. Tsagewar bango alama ce, tabbas. Amma alama ce ta cewa ginin na neman gyara, kuma injiniya ya kamata a kira.

"Najeriya ba a girgizar ƙasa"

Yanzu mu koma kan mai shago. Akwai gaskiya a maganarsa, kuma dole a ba shi ita. Najeriya tana tsakiyar farantin Afirka, nesa da gefunansa. A taswirar haɗarin girgizar ƙasa ta duniya muna cikin yankunan da haɗarinsu ke ƙasa sosai, Sakkwato kuwa har ta fi kudu maso yamma kwanciyar hankali. Sai dai "kaɗan" daban, "babu" daban.

Ga tarihi. Ranar 22 ga Yunin 1939 girgiza mai ƙarfi ta auka wa Accra, ta kashe mutum 17, aka ji ta har Legas. A 1984 an ji motsin ƙasa a Ijebu-Ode da kewaye. A 1990 an ji a Ibadan. Ranar 11 ga Satumban 2009 an ji a Abeokuta da wasu garuruwan kudu maso yamma. A Satumban 2016 mutanen Kwoi, a ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, sun ji ƙasa na motsi har gine-gine suka tsage. Mpape ta ji nata a Satumban 2018, ta sake ji a 2024. Duk waɗannan na cikin gida ƙanana ne, amma sun isa su rushe kalmar "ba a yi".

Dalili kuwa shi ne tsakiyar faranti ma tana da tsofaffin tabo. Lokacin da Kudancin Amurka ta rabu da Afirka, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, ƙasar nan ta so ta tsage ta kwarin Binuwai, sai tsagewar ta tsaya. Akwai kuma tsagogi da suka fi wannan tsufa nesa, irin wadda ta bi ta Ifewara zuwa Zungeru, da wadda ta bi ta Anka zuwa Yawuri. Zinaren da ake haƙa a Zamfara ma yana da alaƙa da waɗannan tsofaffin tsagogin, don ta cikinsu ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi a can da. Tsohon karaya ya warke, amma idan aka matsa, nan ne ke fara amsawa.

Misali biyu za su nuna maka illar sakankancewa. Ranar 22 ga Disamban 1983 girgiza mai maki sama da 6 ta auka wa yankin Gaoual a arewa maso yammacin Gini, ƙasar Afirka ta Yamma kamar tamu, wurin da ba wanda ke sa rai. Ɗaruruwan mutane suka rasu. Ranar 30 ga Satumban 1993 wata mai maki 6.2 ta auka wa yankin Latur a Indiya, wanda taswirar ƙasar ta sa cikin wurare mafi aminci. Kusan mutum 10,000 suka rasu, akasarinsu suna barci a gidajen dutse da laka masu nauyin rufi. Kada ka fahimce ni a baibai: ban ce haka za ta faru a nan ba, kuma mafi yawan ƙananan motsi ba wani abin da ke biyo bayansu. Abin da nake cewa shi ne, inda girgiza ba ta saba zuwa ba, nan ne ƙarama ke yin ɓarnar babba, don ba wanda ya yi gini da ita a zuciya.

Me ke ƙarƙashin Sakkwato?

Garin nan ba a kan dutsen ƙashin ƙasa yake zaune ba kamar Gusau ko Abuja. Yana kan shimfiɗu ne na yashi, laka da farar ƙasa da suka taru a wani babban kwari da ya miƙe har cikin Nijar da Mali, wanda masana ke kira Iullemmeden. Shimfiɗun ma sunayen garuruwanmu suke ɗauke da su: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. A wani zamani teku ne ya rufe wurin nan. Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita daga wannan tekun ta samu, kuma akwai wata dabbar ruwa ta zamanin da wadda aka tono ƙasusuwanta a yankin nan aka sa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo.

Me ya haɗa wannan da girgiza? Ɗora dutsen niƙa da kwanon kunu a faranti ɗaya ka girgiza. Dutsen zai ɗan motsa, kunun kuwa zai yi ta tangaɗi har ya zube. Ƙasa mai laushi da jiƙa tana ƙara wa girgiza ƙarfi. A 1985 girgizar da ta rusa sassan birnin Meziko daga nisan kilomita sama da 300 ta taso, amma unguwannin da aka gina a kan tsohon tafki su suka fi shan wuya. A wurinmu, irin wannan ƙasar ita ce ta fadamar Rima da gulbin Sakkwato. Kuma ka lura, ita ce dai ƙasar da ambaliya ke ci, kamar yadda aka gani a 2010 lokacin da ruwa ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ya guji gini a fadama don tsoron ruwa, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Duwatsu masu aman wuta fa?

Mai shago zai ce wannan kam sai a fim. Amma tudun Biu a Borno da sassan tudun Jos, wajen Panyam da Kerang, cike suke da tsofaffin duwatsun aman wuta da suka lafa. Tafkin Tila na Biu a bakin ɗaya daga cikinsu yake. Maƙwabciyarmu Kamaru tana da jerin irinsu, kuma Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000.

Abin da ya fi tayar da hankali a jerin nan ba wuta ba ce. Daren 21 ga Agustan 1986, tafkin Nyos, wanda ke bakin wani tsohon dutsen aman wuta, ya saki iskar kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙasansa, kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta gangara kwaruruka cikin dare. Mutum sama da 1,700 suka rasu, cikinsu da Fulani makiyaya, tare da dubban shanu. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanyar. Daga 2001 aka fara kafa bututu a Nyos don iskar ta riƙa fita a hankali. Kuma saboda tsoron kada bangon tafkin ya ɓalle ruwa ya biyo kogin Katsina-Ala ya shigo Najeriya, aka gina madatsar Kashimbila a Taraba. Ka ga ke nan ƙasar da ake cewa ba ruwanta ta kashe kuɗi masu yawa don ta kare kanta daga dutsen maƙwabta.

Alhazai ma sun san baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina. Narkakken dutse ne da ya daskare. A shekarar 1256, wato 654 bayan Hijira, an yi aman wuta kusa da birnin, malaman tarihi na lokacin sun rubuta labarinsa.

Laifinmu mu masu bincike

Ba zan soki mai saƙon murya da mai shago in bar kaina ba. Najeriya tana da Cibiyar Nazarin Siffa da Motsin Ƙasa a Toro ta jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar NASRDA, tana kuma da Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta NGSA, kuma akwai na'urorin auna girgiza a wasu wurare. Akwai sassan nazarin ƙasa a jami'o'inmu. Amma ilimin yana kulle cikin Turanci da mujallun da mu kaɗai ke karantawa. Mai ƙarya ya yi minti huɗu da Hausa mai daɗi, mu kuma mun yi shafi ashirin da harshen da Baba mai goro ba zai taɓa ji ba. Wa kake jin zai yi nasara?

Sannan "a kwantar da hankali" kaɗai ba bayani ba ne. Mutumin da kwanukansa suka yi ƙara cikin dare yana son ya ji maki nawa ne, daga wane zurfi, me ake sa ido a kai. A Italiya, bayan girgizar L'Aquila ta 2009 wadda ta kashe mutum sama da 300, an gurfanar da masana a kotu kan yadda aka kwantar wa jama'a hankali kafin ta zo. An yanke musu hukunci a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan a 2014. Darasin ya rage: tsoratarwa marar hujja da lallashi marar hujja duk cin amanar jama'a ne.

Haka batun musabbabi. Bayan motsin Mpape na 2018 an dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a yankin, kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa kuma ya nuna yatsa ga yawan burtsatsen Abuja. Ayyukan ɗan Adam suna iya tayar da girgiza, wannan tabbatacce ne: a 1967 an yi mai maki sama da 6 kusa da madatsar Koyna a Indiya bayan an cika ta da ruwa. Amma kafin bayani ya zama hukunci, sai an gwada zurfin da motsin ya taso da zurfin rijiyoyin, an kuma bi shi da awo shekara da shekaru. Wannan aikin na'urori masu yawa yake so, da kuɗin kula da su, da fitar da sakamakon a fili. Mu riƙa tambayar wannan, ba sai ƙasa ta motsa ba.

Inda maganar ta dosa: gini

A 2010 an yi girgiza biyu da suka zama darasi. Ta Haiti, 12 ga Janairu, maki 7.0, ta kashe mutum sama da 100,000 a mafi yawan ƙiyasi. Ta Chile, 27 ga Fabrairu, maki 8.8, ta fi ta ƙarfi kusan sau 500, amma waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Akwai bambancin zurfi da nisa daga gari, amma babban bambancin shi ne Chile tana da dokar gini kuma ana bin ta. A Bam ta Iran, a Disamban 2003, maki 6.6 ya kashe sama da mutum 26,000 a garin da akasarin gininsa na tubali ne.

Mu kuwa gine-ginenmu suna faɗuwa ba tare da ƙasa ta ko yi tari ba. Bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021, mutum sama da 40 suka rasu. Ranar 12 ga Yulin 2024 makaranta ta rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Muna da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006. Amma zaga unguwarku ka gani: buhun siminti ɗaya ana buga bulon buhu biyu, rodi siriri a inda ake son mai kauri, ana zuba dakin yau jibi a cire katako, ana ƙara hawa a kan harsashin da aka yi don ɗaki ɗaya, birkila shi ne injiniya shi ne mai duba aiki. Ginin da ke tsaye da ƙyar a rana tsaka, me kake jin maki 5 zai yi masa?

Ban ce a raina ginin ƙasa ba. Soron Hausa ya dace da zafinmu fiye da kwano. Rauninsa shi ne nauyin rufi da rashin abin da ke ɗaure bangwaye huɗu su zama abu ɗaya. Ɗamarar kankare ko ta katako da ta zagaye saman bango, kusurwoyi masu haɗe da kyau, yaɓe kafin damina, da sauya azarar da gara ta ci, duk suna ƙara masa ƙarfi. Kuma waɗannan su ne dai ke kare shi daga ruwan Agusta da guguwar farkon damina, waɗanda su ne ke rushe mana gidaje duk shekara.

Abin da ya rage gare ka

Idan aka turo maka saƙon da ya sa wa girgizar ƙasa rana, kada ka tura. Tambayi mai turowa: wa ya faɗa, yaushe, a wane gari? Idan za ka yi gini, musamman bene ko makaranta ko masallaci, biya injiniya mai rajista, kuɗinsa bai kai na rodin hawa ɗaya ba. Idan kana haya ka ga tsaga tana faɗi, sa mata alama da biro ka rubuta kwanan wata, ka nuna wa mai gida.

Idan kuma kai mai tafiya ne, ɗan kasuwa mai zuwa Istanbul ko ɗalibi a Masar, Maroko ko Indiya, ka san abin yi. Ƙasa ta fara rawa kana cikin bene, durƙusa, shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, kare kanka da wuyanka, ka riƙe har ta lafa. Kada ka ruga matakala, kada ka shiga lifta. A girgizar Alƙahira ta 12 ga Oktoban 1992, yara 'yan makaranta da dama turmutsitsi ne ya kashe su. Idan a ɗakin ƙasa kake kuma ƙofa na kusa, fita tsakar gida ka nisanci katanga.

Na san wani zai ce rai da ajali duk na Allah ne. Haka ne. Amma wanda ya yarda da haka bai fasa kulle shagonsa da dare ba, bai kuma fasa yaɓe soronsa kafin ruwa ya sauka ba.

Bayan mako biyu na koma Sabon Gari na tarar da Baba mai goro. Na ce masa, "Baba, ka yi barcinka cikin ɗaki, ba wanda ya san ranar girgizar ƙasa, kuma garinmu na cikin inda ba ta cika zuwa ba." Ya ce alhamdu lillahi. Sai ya ɗaga kai ya dubi sabon benen da ke bisa kanmu, wanda aka riga aka cire wa katako, ya ce, "To wanga fa?" Na ce wannan kam sai an kira injiniya ya duba. Washegari na ga ya matsar da teburinsa tsallaken titi.